Shayin Babunaj: Amfaninsa, Iyakarsa da Hukuncin Jingina Shi ga Manzon Allah

Tambaya

Ni matar aure ce a nan ƙasar Wudil. Ranar Juma'ar da ta wuce maigidana ya sayo wani busasshen fure a kasuwa, wajen masu tallan magani da lasifika, wai sunansa babunaj. Mai maganin ya ce yana cikin magungunan Manzon Allah, kuma yana warkar da ciwon suga, hawan jini, rashin barci da shafar aljanu. Maigidan nawa ya shekara shida da ciwon suga, yanzu yana cewa zai ajiye ƙwayoyin asibiti ya koma wa wannan tunda shi ne na sunna. Mahaifiyarsa kuma ta ce a riƙa ɗura wa jaririyata 'yar wata biyu saboda kukan dare. Malam, mene ne gaskiyar wannan fure, kuma mene ne hukuncin shansa?

Amsa

Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzon Allah da alayensa da sahabbansa. Bayan haka:

Allah Ya yi miki albarka da kika tambaya tun ba a aikata ba. Amsar a taƙaice ita ce: shan babunaj halal ne, kuma yana da amfani na gaskiya, amma amfanin ɗan madaidaici ne. Babu wani hadisi ingantacce da ya ambace shi. Kada maigida ya ajiye maganin sugarsa saboda shi, kuma kada a ba jaririyar ko da ɗigo ɗaya. Ga bayanin dalla-dalla.

Mene ne babunaj?

Ɗan ƙaramin tsiro ne mai fure fari da tsakiya rawaya, tsawonsa bai cika wuce gwiwar mutum ba. Sunan babunaj Larabawa ne suka aro daga Farisawa, mu kuma muka karɓa daga Larabawa. A jikin kwalayen da ake sayarwa a manyan kantuna za ki ga an rubuta Chamomile ko Camomile, sunan da ya samo asali daga Girkanci, ma'anarsa tuffar ƙasa, saboda ƙanshin furen ya yi kama da na tuffa. Iri biyu ne suka shahara, ana ce wa ɗaya na Jamus ɗaya kuma na Rum, kuma na Jamus ɗin ne aka fi yin shayi da shi. A wajen masana tsirrai dangi ɗaya suke da shuwaka da latas, ko da yake ɗanɗanonsu ya yi nisa da juna.

Ba ya cikin abin da muke nomawa a gonakin Indabo ko a fadamun bakin kogin Wudil. Shigo da shi ake yi, 'yan kasuwa su saro daga Kano su kawo mana. Masar na cikin manyan ƙasashen da suke noma shi suna fitarwa duniya, musamman yankunan Fayyum da Bani Suwaif, inda ake shuka shi lokacin sanyi kuma a tsinke furen da hannu. Shi ya sa ba ki ji sunansa a bakin kakanninmu ba, kamar yadda kika ji citta da kanumfari da kimba. Bunƙasar shagunan da ake kira na magungunan Musulunci ce ta yaɗa shi a garuruwanmu, kuma daga nan ruɗanin ya samo asali, domin mutane sun ɗauka duk abin da yake kan kanta ɗaya da zuma da habbatus sauda, kuma sunansa na Larabci ne, to daga sunna ya fito.

Shin yana cikin magungunan Annabi?

A'a. Zuma ta zo a Alƙur'ani cikin Suratun Nahli. Habbatus sauda da ƙaho da dabinon ajwa da ƙusɗul hindi sun zo a hadisai ingantattu cikin Bukhari da Muslim. Babunaj bai zo a ko ɗaya ba. Imam Ibnul Ƙayyim, Allah Ya yi masa rahama, wanda ya rasu a shekara ta 751 bayan Hijira, ya jera abinci da magungunan da suka zo a bakin Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, bisa jerin haruffa a cikin Zadul Ma'ad. A harafin ba'un ya kawo kankana da ɗanyen dabino da ƙwai da albasa da gauta, bai buɗe wa babunaj babi ba. Abin lura ma shi ne, da ya zo kan gauta sai ya bayyana cewa hadisin da ake yaɗawa na falalarsa ƙirƙirarre ne. Wato ɗabi'ar ƙaga wa kayan lambu hadisi don a sayar da su tsohuwar cuta ce, malamai sun sha fama da ita tun ƙarnuka da suka shuɗe.

Inda babunaj ya shahara shi ne littattafan likitoci. Likitocin Girka sun rubuta a kansa tun kafin zuwan Musulunci. Ibnu Sina, wanda ya rasu a 1037, ya kawo shi a Alƙanun. Ibnul Baiɗar mutumin Andalus, wanda ya rasu a Dimashƙa a 1248, ya kawo shi a babban kundinsa na magunguna da abinci, haka ma Dawud Al-Anɗaki a Tazkira. Sun sanya shi cikin magunguna masu ɗumi da suke sassauta kumburi, su kwantar da murɗar ciki, su saukar da fitsari da jinin al'ada. Waɗannan likitoci ne Musulmi masu daraja, amma maganarsu gwaji ce da ijtihadi, tana iya dacewa tana iya kuskure. Ba wahayi ba ce. A nan ne ɗalibai da yawa suke zamewa: wasu littattafan da suke ɗauke da sunan Ɗibbun Nabawi sun haɗa hadisai da zantukan likitoci wuri ɗaya, sai mai karatu ya ga sunan tsiro a ciki ya ce ai na Annabi ne.

Don haka wanda ya ɗaga lasifika a kasuwa ya ce Manzon Allah ya yi umarni da babunaj, ya jingina masa abin da bai faɗa ba. Narkon da ya zo a kan yi wa Annabi ƙarya da gangan yana cikin hadisan da suka kai darajar tawaturi, sahabbai masu yawa suka ruwaito shi, kuma makomar da aka ambata wa mai yin haka wuta ce. Idan jahilci ne ya sa shi, a sanar da shi cikin hikima. Idan ya sani ya ci gaba, ya haɗa laifi biyu, ƙarya ga Annabi da algus a ciniki. Batun korar aljanu da karya sammu kuwa ba shi da tushe ko a hadisi ko a hankali. Abin da shari'a ta koyar a wannan babi shi ne ruƙya da Alƙur'ani da zikiran safiya da maraice. Ni a ganina cutarwar irin wannan talla ga addini ta fi cutarwarsa ga aljihu, domin ranar da maganin ya kasa, mai raunin imani ba ɗan kasuwar zai zarga ba, zuciyarsa ce za ta fara kokwanton sunna.

Rashin zuwansa a hadisi bai hana shansa ba. Asalin tsirrai halal ne matuƙar ba sa bugarwa kuma ba sa cutarwa, kuma neman magani abu ne da shari'a ta yi izini da shi. Mai shan babunaj yana shan halal kamar mai shan zoɓo, sai dai ba zai ƙudurta cewa yana raya wata sunna ba.

Amfanin da aka tabbatar

Mafi ƙarfin amfaninsa yana ga ciki. Wanda ya ci tuwo ya ƙoshi da dare, cikinsa ya kumbura, iska ta taru, ko yake jin 'yar murɗa, kofi ɗaya mai ɗumi yakan sassauta masa. Hukumar kula da magunguna ta Tarayyar Turai ta amince da furen a matsayin maganin gargajiya na ƙananan matsalolin ciki irin su kumburi da murɗa, da alamomin mura, da ƙananan gyambunan baki da maƙogwaro, da ɗan kumburin fata. Ki lura da kalmar ƙanana. Gyambon ciki da ya kai mutum ga aman jini ko baƙin bayan gida ba ya cikin wannan lissafi, wannan aikin asibiti ne. Mata da yawa kuma suna samun sauƙin ciwon mara lokacin al'ada idan sun sha shi da ɗumi.

Sai batun barci da kwanciyar hankali, wanda shi ne ya fi jawo masa suna. A cikin furen akwai wani sinadari da ake kira afijenin, wanda yake kama wurin da ƙwayoyin sa barci irin su Valium suke kamawa a ƙwaƙwalwa, sai dai kamun nasa mai rauni ne ƙwarai. A 2009 likitoci a Jami'ar Fensilbeniya ta Amurka sun gwada shi a kan mutum 57 masu fama da yawan fargaba da damuwa, tsawon mako 8, kuma waɗanda aka ba babunaj sun fi samun sauƙi kaɗan a kan waɗanda aka ba ƙwayar da babu komai a cikinta. Amma tataccen sinadarin aka ba su a ƙwanso, wanda ya fi kofin shayi ƙarfi nesa ba kusa ba. A 2011 aka gwada shi a Jami'ar Mishigan a kan mutum 34 da rashin barci ya zame musu jiki, tsawon kwana 28, ba a ga wani bambancin a zo a gani ba. A Taiwan kuma an gwada shayin a kan mata masu jego su 80: waɗanda suka sha na mako 2 barcinsu ya gyaru, amma bayan mako 4 sai suka koma daidai da waɗanda ba su sha ba. Abin da mai hankali zai fahimta shi ne yana taimaka wa wanda gajiya ko ɗan tunani ya hana shi runtsawa, amma ba ya maganin rashin barcin da ya yi shekaru.

Akwai wani amfani da ba a cika faɗa ba, alhali a wurinmu ya fi sauran tasiri. Babunaj ba shi da sinadarin kafeyin, wanda yake cikin ganyen shayi da kofi da goro, shi ne mai hana ido rufuwa. Dubi yadda matasanmu da dattawanmu suke zama teburin mai shayi bayan sallar isha'i, a sha mai kauri kofi biyu, a ɗora da goro, a kai sha biyun dare ana hira, sannan a zo ana kukan barci ya ƙi zuwa, da asuba kuma sahu ya kasa cika. Wanda ya musanya shayin darensa da babunaj zai ga canji, kuma rabin canjin daga abin da ya bari ne, ba daga abin da ya sha ba.

A lokacin hunturu kuwa, idan mura ta toshe hanci, ana zuba furen a ruwan zafi a yi sirace da shi, ko a bar ruwan ya huce a kurkure baki idan dasashi ya kumbura.

Maigida da ciwon suga

Masu talla ba daga iska suka ɗauko zancen suga ba, sai dai sun hura shi ya wuce girmansa. An yi wani gwaji a Tabriz ta ƙasar Iran a kan masu ciwon suga 64. Rabinsu sun riƙa shan shayin babunaj sau 3 a rana bayan cin abinci har mako 8, kuma awon sugarsu ya ɗan sauka fiye da na waɗanda suka sha ruwa zalla. Mutum 64 a wata biyu ba hujja ba ce da za a jingina rai a kanta, kuma abin da gwajin ya nuna taimako ne, ba warkewa ba. Hawan jini ma haka, babu abin da ya tabbatar cewa babunaj yana maye gurbin maganinsa.

Hatsarin ciwon suga shi ne ba ya ihu. Mutum zai ajiye ƙwaya ya yi wata biyu yana jin garau, ya ce ai ga shi ya warke, alhali sugan yana cin jijiyoyin idonsa da ƙodarsa da tafin ƙafarsa a ɓoye. Ranar da zai farga, ko gani ya ragu, ko ƙaya ta soke shi gyambon ya ƙi warkewa, ko a ce sai wankin ƙoda a Asibitin Malam Aminu Kano, wanda kuɗinsa yake cinye gona da shanu. Jiki amana ne, kuma shari'a ta hana mutum jefa kansa cikin halaka. Barin maganin da gwaji ya tabbatar da amfaninsa saboda maganar ɗan kasuwa ba tawakkali ba ne, sakaci ne da sababi.

Ki yi masa magana cikin ladabi a lokacin da ransa yake sake, ki nuna masa wannan amsa. Niyyarsa ta son sunna kyakkyawa ce, an dai yi masa ƙarya ne a kan abin da yake ƙauna. Idan yana son shayin ya sha kofi ɗaya ko biyu a rana ba tare da sukari ba, ya ci gaba da ƙwayoyinsa, ya gaya wa likitansa ranar da ya je awo. Zuma ma tana ɗaga suga, kada a cika masa kofi da ita da sunan ita ta sunna ce.

Jaririya 'yar wata biyu

Wannan ya fi na maigida gaggawa. Hukumar Lafiya ta Duniya da likitocin yara sun haɗu a kan cewa jariri nonon uwa zalla yake buƙata har wata 6, ko ruwa ba a ba shi. Cikinsa ɗan mitsitsi ne, duk abin da aka ɗura masa ya tare wurin nono, kuma ruwa da cokalin da aka yi amfani da su suna iya kawo gudawa. Busasshen fure yana da nasa hatsarin na daban. A wani bincike da aka buga a 2008 a ƙasar Ajantina, an auna samfuri 200 na babunaj, aka samu ƙwayar cutar da ake kira botulinam a cikin 15, kuma ta fi yawa a wanda ake sayarwa a buɗe. Tafasa ruwa ba ta kashe irin wannan ƙwaya. Hanjin babba yana fin ƙarfinta, amma a hanjin jariri tana iya tsira ta saki dafi, sai yaro ya saki jiki, ya kasa tsotson nono, numfashinsa ya yi rauni. Saboda wannan ƙwayar ce dai likitoci suka hana ba yaro zuma kafin ya cika shekara ɗaya, duk da falalar zuma da babu mai musunta.

Kukan dare na jarirai yakan tsananta wajen mako na shida, ya lafa da kansa a wata na uku zuwa na huɗu. A riƙa ɗora ta a kafaɗa bayan shan nono har ta yi gyatsa, a shafa mata ciki a hankali, a goya ta. Idan kuwa jikinta ya yi zafi, ko ta ƙi kama nono, ko cikinta ya kumbura ya yi tauri, ko amanta ya zama kore, a kai ta asibiti a wannan daren, kada a jira gari ya waye. Game da Hajiya, ƙauna ce ta sa ta faɗi abin da ta faɗa, kuma girmama ta wajibi ne. Amma biyayya ba ta shiga inda za a cutar da rai. Ɗanta ne ya kamata ya yi mata bayani da taushin harshe, ba ke ba, don kada a mayar da maganar lafiya ta zama rikicin suruka.

Sauran waɗanda za su yi hattara

Mai shan maganin tsinka jini, musamman wafarin da ake ba masu ciwon zuciya, kada ya sha sai da izinin likita. A 2006 likitoci a Kanada sun ba da rahoton wata tsohuwa 'yar shekara 70 mai shan wafarin, wadda ta riƙa shan kofi 4 zuwa 5 na babunaj kullum tana kuma shafa mansa, har jini ya ɓalle mata ta ciki aka kwantar da ita. Mai juna biyu gara ta bar shi, domin ba a yi binciken da ya tabbatar da amincinsa ga ciki ba, kuma tun da can likitoci suna lissafa shi cikin masu saukar da jini. Wanda ƙurar fure take tayar masa da atishawa ko asma ya fara da kurɓi kaɗan. In ya ji ƙaiƙayi a baki ko leɓe ya kumbura ko numfashi ya ƙuntata, ya bari nan take ya nemi asibiti. Kada a wanke ido da ruwansa, domin an samu waɗanda idonsu ya ƙara ja da kumburi saboda haka. Mai ƙarancin jini kuma ya raba shi da lokacin cin abinci da kamar awa ɗaya, domin yana rage abin da jiki yake tsotsa na sinadarin ƙarfe, ko da yake bai kai baƙin shayi ba. Mai shan ƙwayar barci kada ya haɗa su, haka direban da zai kama hanyar Kano ko Maiduguri da dare.

Yadda ake haɗa shi da wasu mas'aloli

A zuba cikin babban cokali ɗaya na furen, kimanin giram 2 zuwa 3, a kofi, a kwarara tafasasshen ruwa, a rufe minti 5 zuwa 10, a tace. Ba a dafa shi a kan wuta kamar yadda muke dafa citta da kanumfari, domin man da yake ɗauke da amfanin yana bin tururi ya gudu, shi ya sa ake rufe kofin. Kofi ɗaya zuwa uku a yini ya wadatar wa babba. Wajen saye a duba furen ya zama cikakke mai ƙanshi, ba gari mai warin rima ba. In kika tsaga tsakiyar furen na Jamus za ki ga cikinsa rami ne, da haka ake bambance shi da wasu furanni masu kama da shi da ake cakuɗawa. Wanda yake cikin kwali a duba lambar NAFDAC da ranar lalacewarsa, tare da sanin cewa lambar ba shaida ba ce a kan duk cututtukan da aka jera a jikin kwalin. A adana shi a kwalba mai murfi, nesa da rana da laimar damina.

Ta fuskar ibada, shansa da rana yana karya azumi kamar kowane abin sha, amma ya dace da bayan buɗa baki ga wanda cikinsa yake kumbura. Mai azumi ya jinkirta sirace zuwa dare, domin malamanmu na Malikiyya sun ce wanda ya shaƙi tururin tukunya har ya isa maƙogwaronsa zai rama wannan yini. Kurkure baki da shi ma a bar shi sai dare, don in ya zarce maƙogwaro a azumin farilla akwai ramuwa. Ruwan da aka jiƙa furen a ciki har launinsa ko ɗanɗanonsa ko ƙanshinsa ya canza mai tsarki ne a kansa, ana iya sha a kuma wanke fata da shi, amma ba ya ɗauke hadasi, don haka ba a alwala ko wankan janaba da shi; wanda yake wanka da shi saboda ƙuraje sai ya yi wankan ibadarsa da ruwa zalla tukuna. Akwai kuma tataccen babunaj na ruwa da ake shigowa da shi a ƙananan kwalabe, wanda sau da yawa da barasa ake tatso shi. A karanta abin da aka rubuta a jikinsa, in an ga haka a bar shi a koma wa furen, tunda ga halal a sauƙaƙe.

Allah Ya ba maigidanki lafiya, Ya raya jaririyar a kan Musulunci.

Wallahu a'alam.